Mazaunin cajin gilashin VR: wa ya taɓa amfani da shi a Kebbi kafin in zuba kuɗina?

Mai shagon gem, Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon gem, talabijin huɗu na ƙwallo da gilashin VR guda biyu (wanda ake ɗaurawa a ido a ga kamar ana cikin wasan), duka samfurin Quest 2. Sallar bara na ga ta kaina. Tun saukowa daga idi yara suka yi layi, kowa da kuɗin yawon Sallarsa a hannu, amma kafin azahar gilashi ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi shi. Batirin gilashin nan awa biyu zuwa uku yake yi, cika shi kuma sai an ba shi kusan awa biyu da rabi. Hannuwan wasan su ma kowanne batirin AA ɗaya yake ci, irin na agogon bango. Na hagu ya ƙare ana tsakiyar wasan dambe, na aiki yaro neman batir ranar da rabin shaguna suke kulle, ya dawo min da mai arha na tocila wanda ko la'asar bai kai ba.

Wani ya nuna min mazaunin caji, wanda ake ce wa dok: ka ɗora gilashi a tsakiya, hannuwa biyu a gefe, duk su cika tare. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma guda biyu zan saya. Wanda ya taɓa aiki da shi a wannan zafi namu da wannan wuta tamu, don Allah ya faɗa min gaskiya.

Ɗalibi, Aliero

Wa alaikumus salam Yaya. Ina da na kamfanin Anker, wanda aka yi wa Quest 2, yayana ne ya bar min shi tare da gilashin. Yana zuwa da batura biyu masu caji da murafensu, sai ka cire murfin hannun na asali ka sa nasu, saboda nasu yana da ɗan ƙarfe a jiki da ke taɓa mazaunin. Akwai kuma ɗan kai mai maganaɗisu da ake barinsa a bakin cajin gilashin. Ni dai tun da na same shi ban sake sayen batir ba. Sai dai ka sani, ba ya ƙara saurin caji ko kaɗan. Awa biyu da rabin nan tana nan. Ni da nake wasa awa ɗaya da dare ya yi min daidai, kai mai layin yara ban ga yadda zai fitar da kai ba.

Mai gyaran waya, Jega

Maigida, bari in yi maka bayani daga ɓangaren abin da ake kawo min a lalace.

Gilashin VR uku suka taɓa zuwa teburina, biyu daga ciki bakin caji ne ya sukurkuce. Dalili ɗaya ne: sa igiya, cire igiya, sau goma a yini, ga yaro ya tashi da gilashi a ka igiya na jone ya fizge ta. Bakin USB-C ne kamar na waya, amma buɗe gilashin nan ba kamar buɗe waya ba ne, kuma kayan gyaransa ba a kasuwarmu suke ba. To a nan ɗan kan maganaɗisun da ɗalibi ya ambata yake da rana. Yana zaune a ciki, in an fizga shi ne zai rabu da igiya, bakin bai ji komai ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye ga mai shago. Amma fa ana sayar da igiyar maganaɗisu ita kaɗai, ba sai da mazauni ba, sai dai a nemi mai kyau.

Inda nake jan kunnenka shi ne mazaunin da ba shi da suna. Wani abokin cinikina ya yi odar guda ta intanet, kwalinsa ya sha hoto, ciki kuwa roba ce marar nauyi kamar faifai. Wata ɗaya ya yi ɓangaren hannun dama ya daina caji. Da na duba, 'yan ƙusoshin da ke taɓa murfin batir sun yi baƙi. Gumi ne da ƙura. Yaro ya gama wasa hannunsa sharkaf, a ɗauki hannun wasan a jike a ɗora kan ƙarfe mai wuta, gishirin gumin ya yi ta cin wurin a hankali. In hunturu ya zo kuma ƙura ta liƙe a kai. Na goge da auduga da ɗan sifirit ya dawo, bayan sati uku ya sake. A ƙarshe sifirin ɗin ƙusa ɗaya ya maƙale, shi ke nan.

Sai batun batir, wanda mutane ba sa ganewa. Batirin kanti na yau da kullum bolt 1.5 ne, mai caji irin NiMH kuma bolt 1.2. Shi ya sa za ka cika shi taf, gilashi ya nuna maka hannun bai kai ɗari ba, ka ɗauka an cuce ka. Ba a cuce ka ba, haka yake, kuma yana jimawa a wurin kafin ya sauka. Akwai na litiyam mai bolt 1.5, shi kuma halinsa daban: zai yi ta nuna a cike, sai kawai ya mutu ba sallama.

Maman yara, Gesse

Malam mai shago, ni ba sana'a nake da shi ba, babansu ne ya kawo wa yara. Amfanin da na gani a mazaunin ba na caji ba ne ma tukuna. Da, kullum cikin neman hannu ɗaya muke, yau ƙarƙashin kujera, gobe cikin kwandon wanki. Da aka samu wurin ajiya guda, doka ta zama ɗaya: wanda ya yi wasa ya mayar, in na ga gurbi a wofi na san wanda zan kama.

Amma kuskure biyu muka yi, ina faɗa don kada wani ya maimaita. Na farko, batirin mai caji ya ɓata, babban ɗana ya ciro na rimot ya sa, ya rufe da murfin nan mai ƙarfe ya ɗora a mazauni. Da safe muka tarar batirin ya yi ruwa, farin abu kamar kanwa ya cika ramin. Allah ya taimaka hannun ya tashi bayan an goge. Batirin da ba na caji ba, ba a cajinsa, wannan kam mun koya.

Na biyu ya fi ciwo. Soket ɗin falo yana kusa da taga, can muka ajiye mazaunin. Wata rana aka ɗage labule don shara, ranar hantsi ta daki idon gilashin kai tsaye. Ashe madubin ciki tara hasken rana yake yi wuri ɗaya, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Yanzu akwai tabo a gefen hagu na hoton, ba ya goguwa. Babansu kwana biyu bai yi wa kowa dariya ba. Duk inda za ka ajiye naka, ka juya idonsa ga bango.

Mai gidan kallo, Argungu

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗɗinka. Wanga abu an yi shi don gidan da wuta ba ta yankewa, mutum ya aje da dare ya ɗauka da safe. Ni da kai ba haka muke ba. In babu wuta, mazaunin nan katako ne mai tsada.

Ga yadda nake yi, shekara biyu ke nan. Na sayi batura masu caji na Eneloop guda takwas da cajarsu mai rami huɗu. Huɗu na cikin hannuwa, huɗu na jira a gwangwani. Hannu ya mutu, minti ɗaya na canza, wasa ya ci gaba. A mazauni kuwa in hannu ya mutu sai ya zauna jinya, yaro na tsaye yana kallonka. Shi kuma gilashi, fawa bank nake sa wa cikin 'yar jakar ɗamara, yaro ya ɗaura a ƙugu, gajeriyar igiya ta bi ta baya na ɗaure ta da madaurin kai don kada ta ja bakin caji. Lokacin bikin kamun kifi da baƙi suka cika gari, tun hantsi har isha'i gilashina bai kwanta ba. Fawa bank ne kawai nake canzawa.

Abin da ya fi caji damuna zafi ne. Watan Afrilu nan garin zafi na wuce digiri 40, shago na kwano. Gilashi yana wasa yana caji, ga goshin yaro, sai ya ɗauki zafi har ya nuna gargaɗi. Dole bayan kowane yara biyar ko shida in cire shi in aje gaban fanka.

Mai shagon gem, Badariya, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya mayar da alheri, wallahi nawa ma kusa da ƙofa nake rataye su, yau zan canza. Baba na Argungu, fawa bank ɗin wane iri ne? Na taɓa gwada wani ƙarami, gilashi na jone amma caji na ta sauka. Kuma ni ina da sola da inbata a shago, da dare ba a amfani da ita. Ko wannan ya canza lissafi?

Mai gidan kallo, Argungu

Wanda ka gwada ba ya fitar da wuta isassa. Cajar Quest 2 ta asali wat 10 ce, to nemi wanda ke ba da wat 18 ta bakin USB-C, ka ga akwai rara. Ka duba rubutun jikinsa, kada ka bi girman kwali.

Mai haɗa sola, Yauri

Maigida, tunda kana da inbata lissafi ya canza, amma da sharaɗi. Abin da mazauni biyu za su ja bai kai na fanka ɗaya ba, batirin solarka ba zai ma san an yi ba. Sharaɗin shi ne ka jona su a layin inbata kaɗai. Na taɓa yi wa wani aiki a nan Yauri, nasa yana layin da ake juyawa tsakanin wutar gari da ƙaramin janareta. Duk ɗaukewa da kawowa caji ya tsaya ya sake farawa, wata rana da janareta ya yi tari cajar ta tafi. Gilashin dai ya tsira.

Wani abu kuma, kashe gilashin gaba ɗaya kafin ka ɗora. In ka danna maɓalli sau ɗaya barci kawai ya yi, yana nan yana shan batir a hankali, har sabunta manhaja yake yi in akwai intanet. Sai ka riƙe maɓallin har ya mutu. In inbata ta kashe kanta ƙarfe uku na dare, wanda aka kashe zai wayi gari da abin da ya samu, mai barci kuwa ya ɗan zubar.

Ga masu karɓo kaya daga Amurka: cajarsu baki biyu ne shafaffu, soket ɗinmu baki uku. Ka karanta jikinta, in an rubuta bolt 100 zuwa 240 za ta ɗauki wutarmu ta 230, adafta mai riƙo kawai take so. Kada a tura ta da tsinke a soket kamar yadda muka saba.

Ma'aikaci, Zuru

Ni PS VR2 gare ni, gilashin VR na na'urar gem ta PS5, wanda ya fito a Fabrairun 2023. Shi gilashin ba shi da batir, igiya ce daga PS5, hannuwan ne ke da batir a ciki wanda ba a cirewa. Mazauninsu yana zuwa da 'yan kawuna biyu da ake sa wa a bakin caji. A wurina dole ne, tunda babu zancen canza batir. Amma matsalarka daban ce.

Abin da zan ƙara: in kana da niyyar canza gilashi nan gaba, kada ka zuba kuɗi da yawa a mazauni, don kowanne da nasa. Quest 3 da ya fito a Oktoban 2023 yana da 'yan ƙarafa uku a ƙasansa da yake caji ta nan, mazauninsa na Meta, kamfanin da ke yin Quest, dala 130 aka sa masa da ya fito. Quest 3S na 2024 ba shi da waɗannan ƙarafan. Na Quest 2 kuma ba ya shiga ko ɗaya. Baturan Baba na Argungu kuwa za su bi ka duk inda ka koma, don duka ukun AA hannuwansu ke ci.

Ɗalibi, Aliero

Na manta ban faɗa ba Yaya, in ka sa wa hannuwa rigar roba don kada su zame, sai ka tuɓe ta kafin su zauna a mazauni. Ni gajiya na yi na jefar da rigar.

Mai shagon gem, Badariya, Birnin Kebbi

Na dawo da rahoto bayan Sallah. Mazauni ɗaya na saya, mai suna, ba biyu ba. Kuɗin na biyun na sayi batura takwas da caja da fawa bank biyu. Da dare gilashi ɗaya ya kwana a mazauni, ɗayan a igiyar maganaɗisu, duka a layin inbata, a kashe, fuska ga bango. Na rataye tsumma kusa, yaron shago ba ya ɗora hannu sai ya goge.

Ranar Sallah ba wanda na mayar wa kuɗinsa. Sau biyu na tsayar da wasa, duka saboda zafi, na ba yara ruwan sanyi suka jira. Gaskiyar magana, da rana ko kallon mazaunin ban yi ba, gwangwanin batir da jakar ɗamara ne suka yi aikin. Malam na Jega, ɗan kan maganaɗisu ɗaya ya ɓata washegari, ina zargin aljihun wani yaro. In ana samunsa shi kaɗai a wurinku, ka ajiye min biyu, direban da ke kawo min kaya zai biyo ranar kasuwa.