Ta yaya za a shawo kan jama'a su goyi bayan tsarin ruwa guda daga Tiga zuwa Tafkin Chadi?

Malam Habu, Gashuwa:
Assalamu alaikum. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992, ruwan da ke sauko mana ta kogin Haɗeja ya daina kiyaye lokacinsa na da. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato sun hallara a Damaturu, suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe, amma har yau manomin fadama a wajenmu bai san da zancen ba. Wace hanya za a bi talaka ya rungumi manufar rabon ruwa guda ɗaya, ya daina kallonta a matsayin harkar manya?

Alhaji Sani, Kura:
Wa alaikumus salam, Malam. Da zarar an ambaci rabo, abin da manomin shinkafa na Kura da Bunkure da Garun Malam yake ji shi ne za a rage masa ruwan noman rani, mutumin birnin Kano kuma ya tuna cewa daga kogunan nan matatun Tamburawa da Challawa suke ɗiba, alhali famfonsa ya daɗe a bushe. Babu mai goyon bayan lissafin da aka ɓoye masa. A sa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sanarwa a rediyo, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, ranar da za ta saki ruwa da yawan da za ta saki.

Hajiya Falmata, Nguru:
Alhaji, ba ƙarancin ruwa kaɗai ke damunmu ba. Sakinsa da ake yi rani da damina ya hana fadama bushewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wani gari yana fama da ambaliya, maƙwabcinsa kuwa yana neman na ban-ruwa. Na ga magidanta cikin ruwa har ƙirji, kowa da laujensa, suna yankan kacala daga hantsi zuwa la'asar, ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta suna jiran gero ya nuna. Waɗannan mutane sun riga sun saba da aikin gayya tsakanin ƙauyuka. Idan aka soma da su, tare da sarakunan ruwa da ardo-ardo da ƙungiyoyin mata masu sana'ar kifi, aka buɗe hanyar ruwa ko da guda ɗaya suka ga ya isa gonakinsu, su da kansu za su kai maganar gaban hakimi.

Barista Yakubu, Azare:
Ranki ya daɗe, na yarda, sai dai a yi hattara da sunan da za a ba tsarin. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa na ƙasa ya sha suka a 2018 da 2020, domin jama'a da dama sun ɗauka gwamnatin tarayya ce ke shirin karɓe filayen bakin kogi, ba a kuma yi musu gamsasshen bayani ba. Haka nan dole a faɗi gaskiya kan madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kogin Jama'are, wadda mutanen Bauchi ke ɗoki, mutanen Yobe da Borno kuma ke fargaba, tunda kogin Jama'are ne ya rage musu ba tare da babbar madatsa ba. Malam Habu, kada kuma a manta da manoman tattasai na Diffa a Nijar, waɗanda ke sha daga kogin da ya wuce ta ƙofar gidanku.