Wa ya taɓa kwana a masaukin 'yan Katolika a Roma?

Ɗan Damagaram:
Salam 'yan uwa. Ƙanina aka sallama daga kampo, wato sansanin masu neman mafaka, takardar zama ba ta fito ba, yau kwana huɗu kenan yana kwana kan kwali a gefen Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, ga sanyin Disamba, ni kuma ina Foggia a kudancin Italiya wajen aikin gona mu shida a ɗaki ɗaya ba inda zan sa shi. An ce ya je Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, amma yaron tsoro yake wai kar a taɓa masa addini. Don Allah wanda ya taɓa zama ya faɗa mana gaskiya.

Bakano:
Wa alaikumus salam. Ni na kwana a masaukinsu na Via Marsala, jikin tashar yake, wanda aka sa wa sunan Don Luigi Di Liegro, fadan da ya buɗe shi a 1987. Wallahi ko sau ɗaya ba wanda ya ce min zo coci. Da asuba nakan shimfiɗa tawul tsakanin gado da bango in yi sallata, wani dattijo Bature da ke gadon kusa har janye takalmansa yake don in samu wuri, ban manta da mutumin nan ba. Amma fa ba haka kawai ake shiga ba, ya fara zuwa ofishinsu na baƙi a Via delle Zoccolette su saurare shi su rubuta sunansa, kuma ya yi haƙuri don gado ya yi kaɗan mutane sun yi yawa.

Na Kumasi:
Maganar abinci kuma ya nufi Centro Astalli kusa da Piazza Venezia, na fada-fadan Katolika da ake kira Jesuit ne, tun 1981 suke hidimar 'yan gudun hijira. Ba sa dafa alade saboda yawancin masu bin layin musulmi ne. Ni a nan na fara ganin likita.

Direba:
Ni dai bari in faɗi ɗaya gefen. A masaukin wani gari a arewacin Italiya na zauna, ba zan kama suna ba. Gado mai tsafta, bargo, ruwan zafi, duk akwai, amma gari na wayewa sai kowa ya fita ko ana ruwa ko ana ƙanƙara sai yamma, haka za ka wuni kana zaga tasha ƙafa ta kumbura. Kuma a daren farko aka ɗauke min waya, lambar gyatumata na ciki, wata guda ba ta ji muryata ba. Ka ce masa ya kwana da waya da takardunsa a cikin riga.

Bakano:
Gaskiya ne Direba. Na manta, in wanka ne akwai banɗakunan da Fafaroma Francis ya sa aka yi a 2015 a gefen dandalin San Pietro, har aski suna yi kyauta. Ya kuma tambayi 'yan Sant'Egidio, wata ƙungiyar Katolika mai taimakon marasa galihu, ɗan littafinsu mai nuna inda ake ci da kwana da wanka, suna zagawa tasha da dare da abinci.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka da alheri, na tura masa duka. Bakano don Allah duba inbox, in da hali ka raka shi gobe da safe, Italiyancinsa bai nuna ba tukuna.