Tambaya Kan Karkarwar Motar Hiace a Kan Hanya

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Hiace ƙirar 1998 da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Gombe da Bauchi. Da zarar gudunta ya kai kilomita 80, sai ta kama karkarwa daga ƙarƙashin kujeru har madubin ciki ya daina nuna komai, amma sitiyari ba ya rawa, kuma taka birki ba ya ƙara ta. Karkarwar ta fi tsanani idan na taka totur a hawa da cikakken lodi. Idan na saki, sai ta lafa.

An yi wa tayoyi huɗu balansin, an yi alaimen, na kuma canza shokazoba na baya, kuɗi sun tafi, matsala tana nan. Wani bakanike ya ce kujerar inji ce, amma ban gamsu ba, domin motar ba ta karkarwa a tsaye ko an ba ta wuta. Zargina ya koma kan furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji daga giya zuwa tayoyin baya, tunda ina jin "ƙwas" idan na sa ribas.

Don Allah, wane gwaji zan yi in bambance lalacewar kuros (mahaɗin da ke bakin furofela) da lanƙwasewar furofela kafin a kwance ta?