Me za mu kira turofonin da 'yan uwansa da Hausa?

1/ Ma'aikatan lafiya da malaman Hausa na nan Sakkwato, ku zo mu haɗa kai. Akwai sinadaran da ake aunawa a jinin majinyaci don a gane halin da zuciyarsa take ciki, kuma har yau ba mu da sunan da za mu faɗa wa dangi a bakin gado. Abin da kawai ake ce musu shi ne "gwajin zuciya ya hau". Daga nan sai salati, har a fara kiran 'yan uwa na ƙauye.

2/ Babbansu turofonin. Furotin ne da ke zaune cikin tsokar zuciya, yana cikin masu sa ta matsewa da saki. Wani masani ɗan Japan, Setsuro Ebashi, ya gano shi a 1965. Mai lafiya kusan ba a samunsa a jininsa. Idan ƙwayoyin tsokar suka ji rauni sai ya zubo, kamar tsabar gero da ka gani a ƙasa ka san buhu ya huje a wani wuri. Na biyu shi ne BNP, wanda zuciya ke fitarwa idan nauyi ya yi mata yawa har bangonta ya miƙe.

3/ Abin da ya sa nake matsa wannan magana shi ne masu ciwon numfashi na bairas, irin korona da murar infuluwenza. Zazzaɓi na sa zuciya gudu, huhu ya kasa ba ta isasshen oksijin, kumburi ya game jiki, wani lokacin jini ya yi gudaji. Zuciya tana shan wahala ko da cutar a huhu ta sauka. A wani asibitin Wuhan ta ƙasar Sin a farkon 2020, cikin majinyata 416 masu korona, 82 gwajinsu ya nuna zuciya ta taɓu. Fiye da rabinsu sun rasu, alhali a sauran ba a kai 5 cikin 100 ba. Gaskiya waɗanda zuciyarsu ta taɓu sun fi tsufa, sun fi hawan jini, amma tazarar ta isa a tsaya a kula. A Kanada ma, binciken 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, na ninkawa kusan sau 6 a makon farko bayan an tabbatar da infuluwenza. Ga hunturu yana cika mana gadaje da tsofaffi masu tari da haki duk shekara.

4/ Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo shawarar a kira su "alamar zuciya". Hajiya, na gode, amma alama ta riga ta yi aiki da yawa a asibiti. Haki alama ne, kumburin ƙafa alama ne. Muna son abin da zai ware wanda sai an ɗebi jini ake gani.

5/ "Tabon zuciya" kuma ban yarda da shi ba, domin tabo ba ya tafiya, turofonin kuwa yana hawa ya sauka cikin kwanaki idan abin ya lafa.

6/ Wanda ya fi tsayar da ni shi ne na wani malamin Hausa, "shaidar bugun zuciya". Malam, kalmar ta yi daɗi a kunne, sai dai a nan haɗarin yake. Hawan turofonin ba lallai bugun zuciya ba ne. Yakan hau ga mai ciwon ƙoda, ga wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa, ga dattijon da namoniya ta kwantar alhali jijiyoyin zuciyarsa ba su toshe ba. Likita sai ya haɗa da ECG, wato gwajin da ke zana motsin lantarkin zuciya a takarda, ya sake gwajin bayan wasu sa'o'i, ya ga ko yana hawa ko ya tsaya. Idan muka sa hukunci a cikin sunan, mun tsorata dangi da abin da ba a tabbatar ba. Na ga wata tsohuwa ta zube a barandar asibiti saboda irin wannan fassara, ɗanta kuma ya fita da ƙafafunsa bayan an yi masa magani.

7/ Haka "raunin zuciya" kai tsaye, Bahaushe zai ɗauka mutum mai saurin karaya ake nufi. Dole a sa "tsoka" a ciki.

8/ Ga inda na tsaya. Dukkansu a haɗe: manunin zuciya a jini. Manuni nuni yake yi, ya bar wa likita bincike. Turofonin shi ne manunin raunin tsokar zuciya, BNP kuma manunin nauyin zuciya. A takarda a bar turofonin da BNP yadda suke, kada ɗakin gwaji ya ruɗe.

9/ A bakin gado sai a ce: "Baba, manunin zuciyar Inna ya ɗan hau. Murar nan ta wahalar da zuciyarta, shi ya sa za mu ƙara sa mata ido, mu sake gwajin an jima."

10/ "Nauyin zuciya" ne bai gama kwanta mini ba, don wani zai ji kamar damuwa ake nufi. Wani ya ce "takurar zuciya". Masu aiki a ɓangaren zuciya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku da kuke yi wa masu jego bayanin kumburin zuciya kullum, wanne ne suka fi saurin ganewa?