Jarrabawar shiga banki: na haddace kalmomin, amma cikin jimla sai su zama baƙi

Rukayya Zazzau ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa rubuta jarrabawar ɗaukar aiki ta banki, ko suke cikin aikin yanzu, ku taimaka mini da shawara. Akanta na karanta, na gama bautar ƙasa bara, yanzu kuma wani banki ya turo mini saƙo cewa na tsallake tantancewar farko, saura jarrabawa ta kwamfuta wata mai kamawa. Lissafin ba ya ɗaga mini hankali. Turancin ne ya tsaya mini a wuya.

Na sayi kundin tsofaffin tambayoyi a Sabon Gari, a ƙarshensa akwai jerin kalmomi daga A zuwa Z da ma'anoninsu. Kullum bayan asuba nake zama in yi hadda, har na shiga harafin P. In aka jefo mini kalma ita kaɗai zan ba da ma'anarta ba gargada. Amma da zarar ta shiga jimla sai in rasa gane ta. Ga misali daga cikin kundin: The balance on the facility is still outstanding. Aka ce a zaɓi abin da ya fi kusa da outstanding tsakanin excellent, unpaid, visible da approved. Abin da ke cikin jerina excellent ne, amsar kuwa unpaid. Ita ma facility ɗin, ni da gini na san ta, ashe a nan rance ake nufi.

To in ci gaba da haddar har in kai Z, ko in ajiye? In na ajiye, me zan kama? Lokaci ya ƙure, gida kuma duk an zuba mini ido.

Abban Khalil ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni a sashen ba da rance nake a wani banki nan Kano, kuma ta wannan ƙofar na shigo. Ki ajiye jerin nan. Ba wai ƙarya ce a cikinsa ba, a'a, fuska ɗaya kawai yake nuna miki, mai tsara tambaya kuwa da gangan yake neman ɗaya fuskar. Excellent ɗin da kika gani ba bisa kuskure ta shiga ba. Tarko ce, an ɗana ta ne domin wanda ya yi hadda bai tsaya ya karanta jimlar ba.

Bankuna da yawa ba su ke shirya jarrabawar da kansu ba, kwangila suke bai wa kamfanoni irin su Dragnet da Workforce. Tsarin yakan bambanta, amma ɓangaren Turanci da wuya ya wuce abu uku: kalma cikin jimla a ce ki kawo mai kama da ita ko kishiyarta, jimla mai giɓi a ce ki cike, sai ɗan gajeren rubutu da za ki karanta ki ce magana kaza True ce, False ce, ko Cannot say. Duka ukun abu ɗaya suke aunawa, wato ko kina duba abin da ke kewaye da kalma. Ga agogo kuma yana gudu a saman allo.

Abin da na saba gaya wa masu zuwa wurina shi ne, ki rufe zaɓin da hannu tukuna. Karanta jimlar, ki faɗi ma'anar da bakinki, da Hausa ma in ta kama, sannan ki buɗe. A misalin da kika kawo, kalmomi biyu sun riga sun tona asirin amsar: balance da still. Ragowar kuɗi ce, kuma har yanzu tana nan. Wace ragowar kuɗi ce za a yaba mata da cewa fitacciya ce? Da kin faɗi haka a ranki, ko ba ki taɓa ganin outstanding ba za ki kama unpaid.

Kalmomin da suka fi kayar da mutane ba manyan nan ba ne masu tsawo. Waɗanda kika sani tun sakandare ne, suka shigo banki suka sauya riga. Principal a makaranta shugaba ne, a wurinmu uwar kuɗi ce, wato ainihin abin da aka ranta ban da ruwa. Security ba mai gadi ba ne, abin da aka ajiye jingina ne, in kuma aka ce securities to takardun hannun jari da na lamuni ake nufi. Kuɗin ajiya na ƙayyadadden lokaci idan ya yi mature, wa'adinsa ne ya cika. Banki ya yi honour ɗin cek, biya ya yi. Liquid ba ruwa ba ne, kadara ce da za a iya mayarwa tsabar kuɗi nan take. Mafi sharrinsu ita ce sanction: in shugabanni sun yi sanction ɗin kashe kuɗi, amincewa suka yi, in Babban Banki ya yi sanction ɗin wani banki, hukunta shi ya yi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Ba abin da zai raba miki gardama sai wa ya yi, kuma a kan me.

Inda za ki samu irin wannan Turancin kyauta: Kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya yakan zauna kusan duk bayan wata biyu, kuma yana fitar da sanarwar bayan taro a shafin bankin na intanet. Sauke ta baya-bayan nan. Sai rahoton shekara na bankin da ya gayyace ki, shi ma yana shafinsu, ki karanta jawabin shugaban hukumar gudanarwa da na manajan darakta, ki bar teburan lissafin. Sai shafin kasuwanci na Daily Trust ko jaridar BusinessDay, labari ɗaya a rana ya isa.

Kuma ki nemi labaran ƙarin jarin bankuna ki karanta sosai. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya ce duk bankin kasuwanci mai lasisin ƙasa da ƙasa sai jarinsa ya kai naira biliyan 500, mai lasisin ƙasa biliyan 200, na yanki biliyan 50, aka ba su wa'adi zuwa 31 ga Maris 2026. An taɓa yin irinsa zamanin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki, lokacin da aka ɗaga jari zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A cikin labarin nan kaɗai za ki ci karo da threshold, comply, merger, acquisition, rights issue, shortfall, kowacce a mazauninta, ana maimaita su har su zauna miki. Riba biyu ce, don in Allah ya kai ki zauren ganawa ido da ido, ba mamaki a tambaye ki a kai.

In kin ga sabuwar kalma, kar ki rubuta ta ita kaɗai. Kwafe jimlar gaba ɗaya a littafinki, ki ja layi a ƙarƙashinta. Washegari ki rufe kalmar da yatsa ki ga ko za ki iya mayar da ita gurbinta. Kin ga ke da kanki kin shirya wa kanki tambayar cike giɓi. Biyar zuwa goma a rana, kar ki yi zari.

Malam Inuwa Katsina ya amsa:

Abban Khalil ya faɗi gaskiya, sai dai ban yarda a ce yarinyar nan ta watsar da hadda ba. Ni malamin Turanci ne, kuma na ga amfaninta. Mu da muka taso da allo, Allah ya hore mana riƙe abu a ka, ba abin yarwa ba ne. Gyaran da za a yi shi ne me ake haddacewa.

'Yata, ki duba harshenmu. Ɗauki kalmar ci. Cin bashi daban, cin riba daban, cin amana daban, cin kasuwa daban, cin jarrabawa daban. In Bature ya haddace cewa ci shi ne sa abinci a baki, ranar da aka ce masa wane ya ci amana sai ya tambaya da miyar me. Haka kike yi wa Turanci yanzu. Ki haddace kalma tare da abokiyar tafiyarta: incur a loss, bear the cost, meet a deadline, raise capital, settle a debt, waive a fee. A tambayar cike giɓi sau da yawa duk zaɓin huɗun ma'anarsu kusan ɗaya ce, guda ɗaya ce kawai Turawa suka saba haɗawa da kalmar da ke gaba. Ba dalili, sabo ne. Ƙamus irin Oxford Advanced Learner's yana kawo misalan jimloli a ƙarƙashin kowace ma'ana, su za ki karanta, ba layin farko kaɗai ba.

In kuma lallai sai kin riƙe jeri, akwai wanda ya fi na bayan kundin nan. Sunansa Academic Word List, wata malama Averil Coxhead ta jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da shi a 2000. Dangin kalmomi 570 ne, an tsamo su daga rubuce-rubucen ilimi, an kuma jera su rukuni-rukuni bisa yawan fitowarsu, ba bisa haruffa ba. Rukunin farko kalmomi 60 ne, irin su assess, assume, derive, indicate, significant. Su ne ke cika rubutun da ake ba ku ku karanta.

Abin da Abban Khalil bai taɓo ba, kuma a ganina shi ya fi cin maki, ƙananan kalmomin haɗi ne. Although, whereas, unless, despite, hardly, notwithstanding. Su ke juya akalar jimla. Ɗalibi zai san duk manyan kalmomin da ke ciki, ya tsallake unless, ya ba da amsa a juye. Haka a tambayoyin Cannot say: rubutu ya ce some banks, tambaya ta ce most banks. Rubutu ya ce may, tambaya ta ce will. Ke kuma da kike akanta kin fi kowa shiga haɗari a nan, domin kin san abin a waje, sai ki amsa da iliminki. Ba iliminki ake tambaya ba. Abin da ke rubuce a gabanki shi kaɗai ne hujja, ko da kin san a zahiri ba haka yake ba.

Maman Ilham ta amsa:

Ni dai abu biyu zan ƙara. Ki riƙa gwaji a kwamfuta da agogo a gefe, ba a takarda kina kishingiɗe ba. Karatu a allo yana da nasa nauyin, in ido bai saba ba layi yakan ɓace. In ba ki da ita ki ara, ko ki je shagon intanet. Akwai kuma manhaja mai suna Anki, kyauta ce a wayar Android, ki zuba jimlolinki a ciki, ita za ta riƙa dawo miki da waɗanda suke ba ki wuya.

Na biyu, duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai ba ki ainihin tambayoyin da za su fito, ko yana da gurbin aiki a hannu, ɓarawo ne. Sun cika zaurukan WhatsApp a irin wannan lokacin.

Sagir Funtuwa ya amsa:

Ba don in kashe miki gwiwa ba, amma kin yi tunanin maganar kuɗin ruwa kuwa? Me zai hana ki nemi bankin Musulunci?

Maman Ilham ta amsa:

Malam Sagir, ai ba ta faɗi ko wane banki ba ne. Kuma ko Jaiz ne, da ya fara aiki a 2012, ko TAJ na 2019, ko Lotus na 2021, da Turanci za a yi jarrabawar. Sai dai ƙari ma ya hau kanta, ta san kalmomin hada-hadar kuɗi ta Musulunci irin su murabaha da ijara da mudaraba da sukuk, ta kuma iya bayaninsu da Turanci. Hukuncin aikin kuwa ta tambayi malamanta, ba nan ba.

Rukayya Zazzau ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Abban Khalil, na sauke sanarwar kwamitin, shafin farko kaɗai ya cika mini fuska biyu ta littafi. Abubuwa biyu sun tsaya mini: basis points da tightening. Na duba tight, na ga matsewa. Me ake matsewa?

Malam Inuwa, na samu jerin, na fara da rukunin farko. Malam Sagir, na ji, kuma na riga na yi magana da mahaifina a kai.

Abban Khalil ya amsa:

Kuɗi ake matsewa, ƙanwata. In farashi yana hauhawa, Babban Banki yakan ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa domin rance ya yi tsada, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya ragu. Wannan shi ne tightening, kishiyarsa easing. In an bar ma'aunin yadda yake sai ki ga hold ko retain. Basis point kuwa ɗaya bisa ɗari ne na kashi ɗaya cikin ɗari, wato guda 100 ne suke yin kashi 1. A Fabrairun 2024 kwamitin ya ƙara 400 a zama ɗaya, ma'aunin ya tashi daga 18.75 zuwa 22.75, kafin shekarar ta ƙare ya kai 27.50. Ki nemo labaran lokacin, za ki ga hike da curb da stance suna ta yawo tare.

Ga guda ɗaya na ƙirƙira miki, ki rufe zaɓin kafin ki duba: Although its earnings ______ during the year, the bank paid a higher dividend. Zaɓin su ne soared, declined, accrued, matured. Ki kawo amsa da dalili.

Rukayya Zazzau ta amsa:

Declined. Although ta nuna ɓangarorin biyu ba su tafi tare ba, an ƙara wa masu hannun jari rabo, ke nan ribar sauka ta yi. Soared ce tarkon. Accrued ɗin ce ban gama kamawa ba, in da hali a ba ni ita cikin jimla biyu, ɗaya ta ajiya ɗaya ta bashi.