Wace kalma za mu ba "graphics" a Hausa?

Jama'a masu buga gem, a taimaka mu tsayar da magana. A gidajen gem kullum sai ka ji ana cewa "girafis ɗin PS5 ya fi na Switch", wato yadda gem ke bayyana a allo a waɗannan na'urorin buga gem biyu, kuma gardamar ba ta ƙarewa, don kowa da abin da yake nufi.

Wasu sun ce a kira shi "hoto" kawai. Bai isa ba. Hoto ai har wanda ka ɗauka da waya ne. Wasu suka ce "zane", shi kuma sai hankali ya tafi takarda da fensir.

Ni a ganina abu biyu Bature ya cusa cikin kalma ɗaya. Akwai ƙarfin na'ura: yawan ɗigon da ke allo, haske da inuwa, gashin doki a Red Dead Redemption 2 na 2018 da sai ka rantse na gaske ne. Wannan mun riga muna da bakinsa, muna cewa "hoton ya fita". To a ce "fitar hoto", shi ke nan.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai wuya, wato kamannin da masu gem suka zaɓa da gangan. Okami ya fito a PS2 a 2006, an yi shi kamar zanen tawada da buroshi irin na Jafan. Zelda: The Wind Waker na 2002 kuwa, da aka fara nuna shi mutane suka yi caa, wai an mayar musu da gem katun na yara. Yau ka kunna shi ba ya ƙyamar ido, alhali gem ɗin ƙwallo na shekarunsa fuskokin 'yan wasa kamar an sassaƙa su da gatari. Breath of the Wild na 2017 a 720p, wato ɗigon allo ba su da yawa sosai, yake tafiya idan Switch na hannunka ba a haɗa da talabijin ba, amma wa ya taɓa cewa mummuna ne?

Wani ya kawo "salo". Ba laifi, sai dai salo ya yi yawo, har tafiya da magana suna da shi. Ni "zubi" na fi so, yadda ake cewa zubin gidan nan daban ne. "Okami fitar hotonsa ta tsufa, amma zubinsa yana nan." Ka ga jimlar ta zauna.

Girafis kuma a bar wa yara abinsu, ba mai raba su da shi. Saura "frame rate", wato yawan hotunan da ke wucewa a allo cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ke da kalma ya ajiye a ƙasa.