Abin da masu aikin lantarki suka ce kan lambobin jikin rile

A zaman da masu haɗa sola da famfon ban ruwa suka yi ranar kasuwa a Kura, an daɗe ana magana kan rubutun da ke jikin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, irin su 10A 250VAC da 10A 30VDC. Dattijon cikinsu ya bayyana cewa lambobin nan iyakar abin da haƙoran rile, wato ƙarafan ciki da ke haɗuwa wuta ta wuce, za su iya haɗawa da yankewa ne, kuma ba ruwansu da bolt 12 da ake ba koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa haƙoran.

Inda aka fi tsayawa shi ne bambancin AC da DC. Wutar AC tamu ta gida tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowane sakan, don haka tartsatsin da ke tashi yayin yankewa yakan mutu da kansa, amma wutar DC ta batir da farantin sola ba ta sauka, sai tartsatsin ya daɗe yana ci har haƙoran su narke su manne. Wani ya nuna mana rilen da hakan ta faru da shi, cikinsa baƙi ƙirin.

Injin famfo kuwa yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ja lokacin tashi, saboda haka aka ba da shawara, ni ma na gamsu, a sa masa kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta da yawa, rile ya tsaya ga kunna ta kawai.